Yadda ake ƙera mamatsin katako a bakin teburin kafinta

A shagon da na koyi kafinta a Garwa, ni ne mamatsi. Maigida zai ɗora falanki a kan tebur ya ce, "Kai, zo ka danne nan." Sai in hau in zauna a kai, shi yana ja da zarto, garin katako yana cika mini ido da hanci. In falanki ya goce, ni ke shan ranƙwashi. Haka na yi ta yi har aka kawo sabon yaro ya gaje ni. Har gobe in ka leƙa shagunan kafintoci, daga nan har Marwa da Kuseri, za ka tarar da yaro zaune a kan katako, ko babba ya take shi da ƙafa ɗaya yana yanka a duƙe. Ba a ce aiki ba ya tafiya ba. Amma katakon da ke motsi ba ya yankuwa daidai, bakinsa ba ya feruwa sak, kuma yawancin tabon da ke hannun hagu na kafinta daga nan ya samo asali: hannun da ya kamata ya kauce wa kaifi shi aka sa riƙo.

Sarjuwan, wato mamatsin ƙarfe na hannu da ake saya a kanti, yana da ranarsa, musamman wajen haɗa katako da gam, sai dai mai kyau da tsada, mai araha kuma da ka matsa sai sandarsa ta lanƙwashe. Eto na ƙarfe, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira bais, na makanikai ne da masu walda. Bakinsa ƙarami, haƙoransa kuma suna barin shaida a jikin katako. Abin da zan nuna a nan mamatsi ne na itace, mai muƙamuƙi biyu da sandar ƙarfe biyu, wanda ake kafawa a bakin tebur ya zauna dindindin. Ba ni na ƙirƙiro shi ba. Turawa suna kiran irinsa da sunan Joseph Moxon, wani mutumin Ingila da ya buga zanensa tun ƙarni na 17, lokacin da sandunan ma da itace ake sassaƙa su. Mu ƙarfe ya hutar da mu. Wanda kayansa suka haɗu da safe zai iya gamawa kafin la'asar.

Itacen da za a nema

A nan ne mutane suka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai. Mafi yawan katakon da muke aiki da shi ba namu ba ne. Daga dazuzzukan kudu da gabas yake fitowa, wani a loda shi a jirgin ƙasa a Belabo ya sauka Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, sannan manyan motoci su gangaro da shi Garwa, su wuce Marwa da Kuseri har Njamena. Ya taso daga ƙasar ruwa ya faɗo ƙasar rana, cikinsa cike da danshi. Ka ƙera mamatsi da shi a watan Oktoba, hunturu na busawa zai tsotse shi, kafin Fabrairu ka ga muƙamuƙin ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, ko ya tsage daga bakin huji. Mamatsin da fuskarsa ta karkace ba ya riƙo, ko da za ka murɗa har hannunka ya yi kanta.

Saboda haka da tsohuwar zuma ake magani. Nemi guntun tsohon madogarar ƙofa, ko gefen tsohon gado, ko wani yanki da ya shekara biyu a jingine a bayan shago. Wanda ya ga hunturu biyu ya gama abin da zai yi. In dole sai sabo, ƙwanƙwasa shi: busasshe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa murya a dushe. Yanka ɗan bakinsa ka damƙi garin. In ya dunƙule a tafin hannunka, ajiye shi sai baɗi.

Ayus, farin katakon nan mara nauyi da ya cika kasuwa, ba ya wannan aiki. Noti zai nutse a cikinsa kamar yatsa a tuwo. Iroko da sapeli su ne daidai, kuma iroko gara ba ta cika son sa ba, sai dai ka rufe hanci in kana goge shi don ƙurarsa na sa tari da ƙaiƙayi. Cikin itatuwanmu na gida maɗaci ya yi, busasshiyar darbejiya ma tana yi. Ƙirya ta fi ƙarfin muƙamuƙi, za ta cinye maka bakin rabo, wato abin firar katako, a banza, amma ka adana 'yan guntayenta, za mu neme su can gaba.

Guda biyu kake buƙata, kowane tsawon santimita 65, faɗi 14, kauri 4. In kaurin ya kai 5 babu laifi, in bai kai 4 ba kada ka fara. Kada a sami gaɓa ko tsaga kusa da ƙarshensu.

Kayan ƙarfe kaɗan ne. Sandar ƙarfe mai haƙora tun daga kai har gindi, wadda in ka ce wa mai kanti tij filete zai gane, mai kaurin milimita 16. Tsawon mita guda ake sayar da ita, kuma guda ɗaya ta isa. Noti huɗu nata, waɗanda sifana mai lamba 24 ke kamawa. Manyan washa biyu masu faɗi, irin masu santimita 5, ba ƙananan da ke zuwa da noti ba. Tirfon uku ko huɗu, wato manyan sukurori masu kan noti, kauri milimita 8 ko 10, tsawo santimita 10. Sai guntun bututun ƙarfe da fatar da za a shimfiɗa a baki. Tun a kantin ka murɗa kowane noti a jikin sandar ka ga yana tafiya da yatsa biyu. Akan gauraya noti mai ƙananan haƙora da mai manya a kwali ɗaya, kuma ba a gane su da ido sai an gwada.

Me ya sa 16? Mai 12 tana lanƙwashewa in muƙamuƙi ya buɗe da nisa. Mai 20 ta fi kyau ma, domin kowane zagaye tana tafiyar milimita 2 da rabi, ita kuwa mai 16 milimita 2 take yi, sai dai ta fi tsada kuma bakin mahudinta ya fi wuyar samu. Wanda ya dace da tsofaffin jak biyu na ƙaramar mota iri ɗaya a wurin 'yan gwangwan, ya cire sandunansu tare da notinsu. Haƙoransu manya ne, an yi su ne don ɗaukar nauyi, kuma sun fi sauri.

Fara da tebur, ba da zarto ba

Kafin ka taɓa komai, tsuguna ka dubi ƙarƙashin teburinka. Sandunan biyu a ƙarƙashin saman tebur za su riƙa shiga da fita, don haka dole hanyarsu ta zama fili: babu ƙafar tebur, babu aljihu, babu gicciyen katako. Mai aiki da hannun dama a kusurwar hagu zai kafa mamatsi, saboda fira daga dama take tafiya zuwa hagu, sai ya zama rabo yana tura katako wajen abin da ke riƙe da shi. Bahago ya juya lissafin.

Auna kaurin saman teburin. In santimita 4 ne, hujin sanda zai zauna santimita 7 daga sama, wato tsakiyar muƙamuƙi daidai, kuma noti zai samu wurin zama ba tare da ya taɓa tebur ba. In saman siriri ne, kamar 2 da rabi, tirfon ba zai samu naman kamawa ba. Sai ka fara liƙa wani katako a ƙarƙashin bakin, da gam da sukurori, ya ƙara masa kauri. In kuwa teburin yana da faffaɗan katako a gabansa mai kaurin kirki, ka huta: shi ne muƙamuƙin baya, guda ɗaya kawai za ka ƙera. Teburin da ke rawa kuma a fara yi masa magani, a gicciya masa katako a baya daga ƙafa zuwa ƙafa.

Yanzu fere muƙamuƙan da rabo har fuskokin da za su haɗu su kwanta da juna. Haɗa su ka ɗaga wajen haske. In rana na leƙowa ta tsakani, koma. Ka sa musu alama da fensir: wannan na gaba, wannan na baya, nan ne sama. Kada ka raina alamar nan. Na taɓa huda na baya a kife don na ce ai na riƙe a kai.

Huji

Ja layi a tsakiyar faɗin, santimita 7 daga sama. Daga kowane ƙarshe auno santimita 7 da rabi ka sa ɗigo. Tsakanin ɗigo da ɗigo zai zama 50, ke nan falanki mai faɗin 48 zai iya tsayawa a tsaye tsakanin sandunan, ya sauka har ƙasa ba abin da ya tare shi. Wannan ita ce falalar sanda biyu a kan sanda ɗaya. Kada kwaɗayin ƙarin faɗi ya sa ka matsar da huji bakin ƙarshe, nan ne itace ke tsagewa.

Haɗa muƙamuƙan biyu ka buga musu ƙananan ƙusoshi biyu na wucin gadi, ka huda su tare. Ta haka ko ka ɗan kauce wa ɗigo, hujin zai yi daidai da ɗan'uwansa. Abin da ba a yafewa shi ne karkata. Huji ya karkace, sanda za ta fito tana kallon gefe, ɗaya gabas ɗaya arewa, muƙamuƙi ya riƙa cijewa a rabin hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kafa ekar, wadda wasu ke ce wa sikwaya, a tsaye kusa da bakin mahudi, kai kana duba ta gaba, yaronka ya tsuguna yana duba ta gefe. Ya riƙa faɗa maka, "Maigida, ka kwanto wajena," ko "Ɗan koma baya." Ko injin huda ne ko na hannu da ake juyawa, duk ɗaya ne, na hannu ma ya fi ba ka damar gyara kafin ɓarna ta yi nisa. Sa wani tarkacen katako a ƙasa don kada bakin ya farfasa wajen fita.

Faɗin huji milimita 17 ne ya fi dacewa. In babu bakin 17, huda da 16 ka buɗa shi kaɗan da zagayayyen magagari, ko ka naɗa takardar guga a jikin sanda ka yi ta shiga da fita. 18 ma tana yi.

Raba su, cire ƙusoshin. Na baya a bar hujinsa yadda yake. Na gaba kuwa a faɗaɗa nasa ta hagu da dama kaɗai, kamar milimita 2 ko 3 kowane gefe, ya zama siffar ƙwai a kwance. Dalili biyu ne. Ba za ka iya murɗa sanduna biyu daidai da juna kullum ba, ɗaya za ta riga ɗaya, kuma in hujin ya matse sai muƙamuƙi ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sannan wata rana za ka so kama abu mai tsukakken ƙarshe, kamar ƙafar kujera, wanda sai muƙamuƙi ya ɗan karkata. Amma kada magagari ya taɓa sama ko ƙasan hujin. In ka buɗa ta nan, muƙamuƙin zai zauna ƙasa da tebur.

Gidan noti

A bayan muƙamuƙin baya, wato fuskar da ke kallon ƙarƙashin tebur, za a binne noti. Zura sandar a huji, murɗa noti har ya kwanta a jikin itace, sannan ka bi gefensa shida da bakin wuƙa. Wuƙa, ba fensir ba, domin layin fensir yana da kauri kuma notin da ya samu sarari zai riƙa juyawa a gidansa har ya cinye shi. Cire, ka sassaƙe da kurfi zurfin milimita 13, kaurin notin ke nan. Ka bar layin wuƙar a tsaye, kana sara daga cikinsa. Gindin ramin ya zama shimfiɗaɗɗe, don a kansa duk ƙarfin matsi zai sauka, in ya karkata noti ma zai karkata.

Kada ka buga noti da guduma. Ɗora shi a bakin ramin, zuro sanda ta ɗaya gefen da washa da wani notin, ka murɗa da sifana, zai jawo kansa ya shige daidai da hanyar sanda. In ya ƙi shiga, fitar ka rage kaɗan. Tilasta shi tsaga itace yake yi.

Rufe shi da ɗan siririn katako mai huji a tsakiya, da ƙananan sukurori biyu, don kada ya faɗo in ka tura sanda baya. Banda gam. Noti shi ne abin da zai riga komai cinyewa, ranar da haƙoransa suka tafi kana so ka kwance sukurori biyu ka sa wani.

Wasu sukan yi akasin haka: su kafe sandunan a muƙamuƙin baya, su fito waje, noti ne ke yawo a kansu. Ya fi sauƙin yi, kuma nawa na farko haka yake. Sati bai cika ba ya yaga mini riga biyu, ya bar mini kumburi a ƙugu, don duk wucewa sai na ci karo da ƙarfen. A shago mai ƙunci, sanda ta shige ƙarƙashin tebur ta ba mutane hanya.

Sanduna da mariƙi

Yanke guda biyu, kowace santimita 30. Muƙamuƙai da washa da notin kai za su cinye wajen 10, ya rage maka buɗin baki na kusan 20. Ya isa har ya yi yawa, tunda buɗa santimita 10 kaɗai zagaye 50 ne a kowace sanda. Kafin ka sa zarton ƙarfe, murɗa noti ya wuce wurin yankan. In ka gama, goge bakin da magagari, sannan ka warware notin ya fito ta wurin, zai gyara haƙoran da zarto ya murƙushe.

Kai wa mai walda. Ya murɗa noti a kan kowace sanda ya kama shi da wuta ta waje, ta saman kai, ba ta gefen da zai kwanta a kan washa ba, don wannan gefen sumul ake so. A kan notin ya gicciya guntun bututu mai tsawon santimita 5 ko 6. Ta cikin bututun za ka zura mariƙi, sandar ƙirya ko marke mai tsawon santimita 25, ka ɗaure ƙarshenta biyu da zoben robar tib don kada ta zare. Amfanin mariƙi mai zamewa shi ne da ka sake shi sai ya faɗi ƙasa da kansa. In aka kafe dogon ƙarfe da walda, rabin lokaci zai tsaya a tsaye ya zarce saman tebur, ya tare maka zarto ko ya kangare falanki. Wanda ya fi son kafaffe, kada tsawonsa duka ya wuce santimita 13.

In sandar mai farin shafe ce mai ƙyalli, a kankare shafen daga wurin da wuta za ta taɓa, kuma a yi waldar a fili. Farin hayaƙin da ke tashi daga shafen yana sa zazzaɓi da ciwon kai. Inda babu mai walda kusa, murɗa noti biyu a kai ka ƙulle su da juna da sifana biyu, sannan ka binne su a guntun itace mai ƙarfi ya zama mariƙi. Sai dai ka ƙara noti biyu a sayayya.

Kafawa

Huda wa tirfon hanya a muƙamuƙin baya, santimita 2 daga sama don su faɗa tsakiyar kaurin tebur, ka buɗa bakin kowane huji yadda kan tirfon zai nutse ƙasa da fuska. Kan ƙarfe ko ɗaya da ya leƙo zai buga hatiminsa a duk katakon da ka kama. A jikin tebur ma sai an fara huda ƙaramar hanya, in ba haka ba bakin zai tsage. Ɗaure muƙamuƙin ya ɗan zarce saman tebur da kamar milimita 1. Sa na gaba, zura sanduna da washa, matse, sannan ka bi saman duka biyun da rabo har su yi daidai da tebur.

Ga wasu gyare-gyare biyu ƙanana waɗanda su ne bambancin mamatsin da ke riƙo da wanda ke wahalar da mai shi. Na farko, fere fuskar cikin muƙamuƙin gaba ta ƙasa kaɗan, milimita 1 zuwa 2, yadda in ka rufe leɓen sama ne zai fara taɓawa. Sanduna a tsakiya suke ja, aiki kuma a sama yake, don haka baki yakan so buɗewa ta sama. Wannan ɗan karkacen shi ke rama wa. Na biyu, rage ƙarshensa biyu da kamar milimita 1, tsakiya ta yi ɗan tudu. In ka matsa ƙarshe da ƙarshe itace yakan lanƙwashe tsakiya ta saki, tudun nan shi zai sa ta kama. Gwada da takarda: saka ta a tsakiya, a hagu, a dama, kana rufewa a hankali. Ko'ina ta ƙi zaruwa, ka gama.

In ka buɗe da nisa ka ga muƙamuƙi na sunkuyawa, shafa gawayi a ƙarshen sandunan, tura su su taɓa wani guntun katako da ka riƙe a ƙarƙashin tebur kamar santimita 10 a bayan noti, huda inda baƙin ya nuna, ka ɗaure shi a nan ya zama matallafi.

Sai fata. Fata ba ta wuya a ƙasar nan, Marwa ma gidanta ne, kuma ragowar yankan da dukawa ke zubarwa ta wadatar. Liƙa ta a fuskar muƙamuƙin gaba da gam ɗin masu gyaran takalma, gefen mai kaushi yana waje. Da fata, rabin murɗi ya isa riƙon da sai ka yi nishi kafin ka samu. Na ga masu sa robar tib. Tana kamawa, amma tana barin baƙi a jikin ayus, kuma zafin Afrilu na narkar da gam ɗinta.

Ranar da na gama nawa na biyu, tsohon maigidana ya biyo ta shagon. Na kama falanki na ce, "Baba, gwada ka gani." Ya kama da hannu biyu ya jijjiga, tebur ya motsa, falanki bai motsa ba. Ya yi shiru, can ya ce, "To su yaran me za su riƙa yi?" Na ce su koyi fira.

Abin da mamatsin baki ba ya yi

Yana kama katako a tsaye da a gefe: firar baki, yankan haƙoran haɗi, sassaƙar ƙarshe. Dogon falanki kuwa ka kama kansa ɗaya, ɗaya kan ka ɗora shi a kan turken da ka soka a hujin ƙafar tebur ta dama. Amma in za ka fere fuskar falanki a kwance, wata dabara ake yi, kuma ba ta cin ko dala.

Ɗauko guntun ƙiryar nan, ko wani itace mai tauri, tsawon santimita 20, faɗi 6, kaurinsa bai kai na falankin da za ka fere ba. Ja layi a karkace daga santimita 2 a wannan kai zuwa 4 a wancan, ka raba da zarto. Ka samu weji biyu masu gangare iri ɗaya, santimita 1 a cikin kowane 10. Wannan gangaren shi ne sirrin. In ya fi haka tsayi sosai, weji zai riƙa tsalle yana fitowa da kansa, in ya fi haka kwanciya, za ka buga har ya ƙare bai matse ba. Ɗaure sandar katako ɗaya a kan tebur da sukurori ta zama matokari, ɗaure ta biyu daura da ita, tazararsu ta fi faɗin falankin da kamar santimita 5. Kwantar da falanki ya jingina da ta farko, saka weji biyun a ragowar filin suna kallon juna, bakin wannan wajen gindin wancan, ka buga su a hankali da gudumar itace. Saboda gangarensu ɗaya ne, gefensu na waje yana tafiya a miƙe, matsin ya bazu daidai. Bugu ɗaya ta baya ya sake su.

Da wannan dabarar nake haɗa falankan saman tebur da ƙyauren ƙofa ba tare da sarjuwan ko ɗaya ba: weji biyu-biyu a wuri uku, leda a ƙasa don kada gam ya liƙe aiki da tebur, bulo ko dutse a sama don kada tsakiya ta tashi. A lokacin zafi farin gam yana yin fata cikin 'yan mintoci, saboda haka a gwada komai a bushe tukuna, weji na kusa da hannu, kafin a buɗe gwangwani. Da sassafe ya fi.

Wajen amfani da na sandunan, abu ɗaya ke kashe shi: ƙarfin tsiya. Sanda mai 16 da hannu kaɗai tana matsin ɗaruruwan kilo. In katako na zamewa, ba ƙarin murɗi yake so ba, fuska ce ba ta kwanta ba, ko ƙura ta cika fata. Kada a ƙara wa mariƙi bututu, kada a buga shi da guduma. Ka saita sandar dama daidai kaurin aikin ka bar ta, ka riƙa buɗewa da rufewa da ta hagu kaɗai, rabin zagaye ya isa. In ƙaramin abu za ka kama a wajen sanda ɗaya, sa guntu mai kauri irin nasa a ɗaya gefen. Muƙamuƙin gaba ba ya biyo sanda in ka warware, da hannu ake jawo shi, ba lalacewa ya yi ba.

Kada ka shafa wa haƙoran baƙin mai ko giris. Ƙurar hunturu da garin katako za su haɗu da shi su zama taɓo, kuma duk farin katakon da ya goga ya ɓaci. Goga musu kyandir, ko kakin zuma irin wanda ake kawowa daga Adamawa, har da bayan washa da cikin hujin gaba. Bayan hunturun farko ka bi tirfon da sifana, za ka same su sun saki domin itace ya tsuke. Tazarar hujin ba za ta canza ba, tunda itace ta faɗi da kauri yake tsukewa, ta tsawo kusan babu. In damina ta sauka ya kumbura har sanda ta fara cijewa, zagaye biyu na takardar guga a cikin huji ya isa. Da daddare kuma a bar bakin a ɗan buɗe, kada fata ta kwana a matse.